Shagon kwamfutar da ya haɗa mini littafin zaɓen Gama

'Yata ta biyu ce ta jawo wannan aiki. Ta cika shekara goma sha takwas, tana ta zumuɗin yankar katin zaɓe, sai wata rana ta dawo daga makaranta ta same ni a kan keken ɗinki. Ta ce, "Baba, wai me ya sa duk wanda na gaya wa daga Gama nake sai ya ce mini inkwankulusib?" Gama ita ce unguwarmu a birnin Kano, kalmar kuma daga zaɓen gwamna na 2019 ta manne mana. Lokacin 'yar tawa tana firamare. Abin da kawai ta riƙe shi ne ranar da uwarta ta kulle su a ɗaki ta hana su leƙa ƙofar gida.

Na ajiye almakashi na fara ba ta labari. Ban yi nisa ba na lura cewa labarin yana nan, amma lissafin ya fara zamewa daga kaina. A majalisarmu ta bayan isha'i ma haka abin yake: mai jar hula da adadin da ya haddace, ɗan tsintsiya da nasa, kuma kowa a shirye yake ya rantse. Ni kuwa ba na son in damƙa wa yarinya gardamar majalisa in ce mata tarihin unguwarsu ke nan. Na ƙudurta sai na nemo mata takarda.

Wani maƙwabcina mai gyaran babur ne ya nuna mini shagon. Yana cikin ɗaya daga layukan da ke gangarowa daga Gama Tudu, ɗan ƙarami ne, in mutum huɗu suka shiga na biyar sai ya tsaya a bakin ƙofa. Kwamfuta biyu, firinta ɗaya, injin fotokwafi, da ɗan teburin POS a waje. Aikinsu na kullum cike wa ɗalibai fom, buga katin biki da ɗaukar hoton fasfo. Mai shagon matashi ne da bai wuce sa'an babban ɗana ba. Ya roƙe ni kada in ambaci sunansa ko na shagon, domin masu kawo masa aiki suna kowane ɓangare, kuma kowa ya san yadda siyasar Kano take. Na yi masa alkawari.

Da na gaya masa abin da ke tafe da ni, na ɗauka zai ce ba ya irin wannan aiki. Sai ya jawo mini kujera ya ce, "Baba, ka zo da katinka?" Na ciro masa. Ya nuna mini wasu lambobi da na shekara da shekaru ina gani ban taɓa kula da ma'anarsu ba. Na farko 19, lambar Jihar Kano ke nan, sai ta ƙaramar hukuma, sai ta mazaɓa, sai ta akwati. Ya buɗe shafin hukumar zaɓe ta INEC da ake kira IReV, ya zaɓi zaɓen gwamna na 18 ga Maris 2023, ya shiga Kano, ya shiga ƙaramar hukumarmu ta Nasarawa. Mazaɓunmu goma sha ɗaya suka jeru a allo: Dakata, Gama, Gawuna, Giginyu, Gwagwarwa, Hotoro ta Arewa da ta Kudu, Kaura Goje, Kawaji, Tudun Murtala da Tudun Wada. Ya danna Gama, ya nemo akwatinmu.

Takardar ta buɗe a hankali, daga sama zuwa ƙasa, saboda sabis ɗin ba ƙarfi. Fom EC8A ne, wanda malamin zaɓe yake cikewa bayan an gama ƙirga a gaban kowa. Ranar ina tsaye a wurin, na ga 'yar bautar ƙasar da ta yi mana aiki ta shimfiɗa takardar a kan benci ta ɗauki hotonta da na'urar BVAS, amma ban taɓa sanin inda hoton ya tafi ba. Ga shi a gabana. Na gane inda ta yi kuskuren wani adadi ta soke ta sa hannu a gefe. Na gane sa hannun ejan ɗin wata jam'iyya, domin wa ne ga matata, kuma haka yake murɗa harafin farko na sunansa ko a takardar haya. A kusurwar ƙasa har ana ganin ɗan yatsan wanda ya danne takardar kada iska ta ɗauke ta, da shuɗin tawada a farcensa.

Ni tela ne, ba na rabuwa da littafin awo. A bangon baya na littafin wancan shekara na rubuta abin da aka shelanta a akwatinmu da yammacin ranar. Na koma shago na ɗauko shi, muka gwada. Lamba da lamba suka yi daidai. Ban san lokacin da na ce alhamdulillahi da ƙarfi ba, har yaron da ke POS ya leƙo.

Muka yi ciniki. Buga kowane shafi baƙi da fari naira 100, ɗinkin littafi da zoben roba da bangon leda naira 1,500, sai naira 5,000 na data da wahalar zama ya kwashe lambobin ya jera su cikin jadawali. Na ce ya yi mini duk akwatunan Gama na zaɓen gwamna, na shugaban ƙasa kuma na akwatinmu kaɗai. Kuɗin ba kaɗan ba ne ga mai rayuwa da bakin allura, domin akwatunan sun ƙaru tun da hukumar zaɓe ta faɗaɗa rumfuna a 2021, har na ƙasa baki ɗaya suka kai 176,846. Amma da na ga yawan aikin, ban ga ya tsawwala mini ba. Shafin na hukuma hotuna kawai yake nunawa, ɗaya bayan ɗaya. Ba ya tara maka jimilla. Duk wanda yake son sanin abin da mazaɓa ta yi sai ya zauna ya buɗe kowace takarda, ya karanta rubutun hannu, ya tara da kansa.

A nan ne na fara ganin halin yaron. Kwana biyu bayan na ba da aikin ya kira ni ya ce in zo. Ya nuna mini wasu takardu da hotonsu ya yi dishi-dishi, da alama hannun mai ɗauka ya motsa ko duhun magariba ya rufa. A ɗaya daga ciki ba ka iya bambance 3 da 8. Na matso da fuskata na ce, "Ai wannan takwas ce, ɗana, rubuta kawai." Ya ce, "Baba, ka yi haƙuri. In na rubuta takwas, gobe wani ya zo ya ce uku ce, shi ke nan duk littafin ya zama abin zargi. Bari in sa alama in ce ba ya karantuwa." Haka ya yi. A jadawalin ya bar gurbin fili, ya sa tauraro, a ƙasan shafin ya rubuta cewa jimillar ba ta haɗa da waɗannan akwatuna ba. Raina ya ɗan sosu a lokacin, domin cikakken adadi nake so in kai gida. Da na kwana na tashi na gane gaskiyarsa, kuma wannan tauraro shi ya sa yau nake iya buɗe littafin a majalisa ba tare da fargaba ba.

Abin da 'yata ta tambaya kuwa, wato 2019, babu shi a shafin. IReV sai a watan Agustan 2020 aka fara aiki da shi, a wani zaɓen cike gurbi a Jihar Nasarawa. Don haka yaron ya koma tsofaffin rahotannin jaridu, kuma bai ɗauki adadi ba sai ya gan shi a wuri fiye da ɗaya. Ga abin da ya buga, kuma ya yi daidai da abin da muka rayu a ciki.

An yi zaɓen gwamna ranar Asabar 9 ga Maris 2019. Sakamakon ƙananan hukumomi 43 ya isa, saura tamu. A daren da ake tattara na Nasarawa aka hargitsa wurin, aka yayyaga takardun sakamako, kuma mazaɓar da abin ya faɗa wa ita ce Gama, mai akwatuna 62 da masu rajista sama da 40,000. Da aka haɗa abin da ya rage, Abba Kabir Yusuf na PDP yana da ƙuri'a 1,014,474, Gwamna Abdullahi Umar Ganduje na APC yana da 987,819. Ratar 26,655 ce. Tun da masu rajista a akwatunan da aka soke a faɗin jihar sun fi wannan rata yawa, baturen zaɓe ya ce zaɓe bai kammala ba. Daga ranar kalmar inkwankulusib ta shiga bakin yara da tsofaffi, kuma ta manne wa sunan unguwarmu.

Makonni biyun da suka biyo baya ba zan manta da su ba. Motocin kwasar shara suka shigo lungunan da suka daɗe ba su gani ba. Aka fara haƙa rijiyoyin burtsatse, aka kawo motocin gyaran hanya, 'yan jarida suka cika unguwa da kyamarori. Mu da muka saba da warin rafin Getsi mai kwaso dagwalon masana'antun Bompai ya ratsa ta Gama Kwari, muka wayi gari duk Najeriya ta san sunanmu. Ina ɗinki mutane suna shigowa suna tambaya ta wa za mu yi, kamar ni ne mai unguwa.

Ranar 23 ga Maris aka sake zaɓe. Na fita da sassafe da katina a aljihu. Kafin in kai rumfa na ga baƙin fuskoki sun cika layi, matasa da ban taɓa gani a masallaci ko wurin jana'iza ba, wasu da gora a hannu. An haife ni a unguwar nan, na ɗinka wa rabinta kayan sallah, amma ranar wani yaro da ban sani ba ne ya tare ni ya tambaye ni ina za ni. Na tsaya na ɗan lokaci, na ji an fara gudu ta bayan makaranta, na juya gida. Ranar ce uwar yaran ta kulle su a ɗaki. Masu sa ido na gida da na Tarayyar Turai sun rubuta irin tashin hankali da tsoratarwar da aka yi a zagayen na biyu a Kano. Da aka tara sakamakon zagayen a jihar, APC ta samu 45,876, PDP 10,239. Jimilla ta zama Ganduje 1,033,695, Abba 1,024,713, ratar 8,982. Kotun sauraren ƙararrakin zaɓe ta tabbatar da haka, Kotun Ƙoli ma ta tabbatar a Janairun 2020.

Na kawo wa yaron wasu lambobi da ke yawo a WhatsApp, wai su ne ainihin abin da Gama ta jefa ranar 9 ga Maris kafin a yaga takardu. Na so ƙwarai su shiga littafin. Ya duba ya ce, "Baba, wa ya sa hannu a kansu?" Babu. Sai ya ba ni shawara: ya buga kan shafi, "Gama, 9 ga Maris 2019", ya bar sauran shafin fari. Na amince. Duk wanda ya buɗe littafin a nan yake daɗewa.

Na 2023 ya fi sauƙi, tun da takardu suna nan. Zaɓen ya zo mana da wani nauyi na daban, domin ɗan takarar APC, Nasiru Yusuf Gawuna, ɗan ƙaramar hukumarmu ne kuma ya taɓa riƙe ciyaman ɗinta, ga Abba ya dawo a NNPP mai kwandon kayan marmari. Abba ya samu 1,019,602, Gawuna 890,705, kuma NNPP ce ta ɗauki Nasarawa. Yaron ya ƙara ɗan bayani kan shari'ar da ta biyo baya: a Satumbar 2023 kotu ta cire ƙuri'a 165,663 daga na Abba bisa cewa ba su da hatimi ko sa hannu, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta bi sahu a Nuwamba, sai Kotun Ƙoli ta tabbatar masa da kujerarsa ranar 12 ga Janairu 2024. Ya kuma sa sakamakon shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairu a Kano, inda Kwankwaso ya samu 997,279, Tinubu 517,341. Wannan ƙarin ban nema ba, kuma bai caje ni a kai ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne babin kansila. Mazaɓa ai don kansila aka yanka ta. Shi ne wanda ya kamata mu tara da maganar kwata da ta toshe, da ajin firamare da rufinsa ya yaye, da maganin ɗakin shan magani. Amma zaɓen ƙananan hukumomi ba INEC ke yinsa ba, tsarin mulkin 1999 ya bar shi ga hukumomin zaɓe na jihohi, don haka ba ya kan IReV. Abin da yaron ya iya sawa shi ne sanarwar ƙarshe. A Fabrairun 2018 APC ta lashe ciyaman 44 da kansila 484. A Janairun 2021 haka aka maimaita. A ranar 26 ga Oktoba 2024 NNPP ta lashe 44 da 484. Layi uku ke nan, rabin shafi bai cika ba. Ga jihar da ƙuri'a 8,982 ta raba gwamna da mai bi masa, a ce duk wanda ke riƙe da gidan gwamnati shi ke cinye kowace mazaɓa ba ko ɗaya da ta kuɓuce, wannan abu ne da ke damuna matuƙa. Kuma ba Kano kaɗai ba ce, kusan kowace jiha haka ake yi. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa kuɗin ƙananan hukumomi ya riƙa zuwa musu kai tsaye. In kuɗi zai sauko kusa da mu, ina son in ga takardar akwatinmu ta zaɓen kansila kamar yadda na ga ta gwamna, da sa hannun ejan da tambarin tawada.

Na tsofaffin shekaru kuwa daga bakina ya rubuta. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ɗan PRP ne na gani-kashe-ni, mai ɗan mukulli. Ya yi Rimi a 1979, da PRP ta rabu gida biyu, Santsi da Taɓo, ya tsaya wajen Malam Aminu Kano, ya yi Sabo Bakin Zuwo a 1983. Ni zaɓena na farko zamanin Babangida ne, na ƙato-bayan-ƙato, lokacin SDP mai doki da NRC mai mikiya, ka tsaya a layi maƙwabcinka yana kallon wanda ka bi. Sai lema a 1999, sai guguwar masara ta 2003 da ta kawo Malam Ibrahim Shekarau, wanda akwatinsa ke Giginyu a nan ƙaramar hukumarmu, sai dawowar Kwankwaso a 2011. Yaron ya buga duk wannan da Hausa mai kyau, har da ƙugiyar ɗ da ƙ, abin da masu shaguna da yawa ba sa damuwa da shi. Amma ya ware shi a babi na daban ya sa masa suna "Daga bakin Baba", don kada a gauraya abin da na tuna da abin da takarda ta nuna.

Akwai inda shagon ya gaza, kuma dole in faɗa. Ya ce mini kwana uku, sai da aka yi tara. Lokacin cike fom ɗin ɗalibai ne, duk sanda na zo sai in tarar ya ajiye nawa yana sallamar masu gaggawa. Da ya faɗa mini gaskiyar lokacin tun farko, da ban rufe shagona sau huɗu ina zarya ba. In an ɗauke wuta kuma janareton a bakin ƙofa yake, hayaƙin ciki yake komawa, mai ciwon ƙirji ba zai iya zaman minti goma ba. Ba wurin zaman mata, ranar da na je da 'yata a tsaye ta jira a rana. Tawadar firintar ta yi rauni a shafukan ƙarshe, har wasu takardun da ke fes a allo suka fito fari-fari. Sannan da na zauna a gida ina bin lambobin akwatuna ɗaya bayan ɗaya, na tarar da takardar wani akwatin Gwagwarwa ta shigo cikin namu, kuma an tara ta a jimilla. Wannan kuskure ne babba a irin wannan aiki. Da na mayar masa bai yi musu ba. Ya ce, "Laifina ne, Baba," ya kwance zoben, ya cire shafin, ya gyara jadawalin, ya sake buga shafukan da suka koɗe, bai karɓi ko sisi ba. Duk da haka, wanda zai ba shi irin wannan aiki ya zauna ya duba da idonsa kafin ya kai gida.

Zan koma, kuma na riga na tura masa mutum biyu, ɗaya daga Kaura Goje, ɗaya sakataren ƙungiyar iyayen yara a makarantarmu. Wanda zai je ya tafi da katin zaɓensa saboda lambar akwati, ya tafi da filas ya karɓi hotunan a ciki don kada ya dogara da takarda kaɗai, ya kauce wa lokacin cike fom, kuma ya ce a nuna masa shafi ɗaya na gwaji kafin a buga sauran.

Littafin yana cikin durowar keken ɗinkina, tare da littafin awo. 'Yata ta karanta shi a dare biyu. Da ta zo farin shafin nan ta tambaye ni ko ita ma za a bar ta ta tsaya a rumfa har a gama ƙirga. Na ce mata doka ta ba ta dama, in ta jefa ƙuri'arta ta koma gefe ta jira a ƙirga a gabanta. Ta ce to in saya mata ƙaramin littafi nata. Da na je karɓar gyaran ƙarshe na sa yaron ya ƙara fararen takardu goma a bayan littafin kafin ya mayar da zoben, ya buga 2027 a kan ta farko.